Neman Diyyar Rauni A Wurin Aiki Bai Saɓa Wa Tawakkali Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da zarar an kawar da amfanin gona, samarin Madachi da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya sukan tafi Kano neman aiki, waɗansu a masana'antun Bompai da Sharaɗa, waɗansu wurin gine-gine. Yakan faru inji ya datse wa mutum yatsu, ko ya faɗo daga kan gini ya karye. Sai ya komo gida ya ƙarar da abin da ya tara wajen jinya. In an ce ya nemi diyya, sai ya ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah.

Lalle imani da ƙaddara wajibi ne, amma ƙaddara ba ta shafe hakki. Shari'a ta yanka wa gaɓoɓin ɗan Adam ƙima. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, diyyar rai raƙuma 100 ce, ta hannu ɗaya 50, ta yatsa 10, ta haƙori 5. Ana biyan wannan ko da bisa kuskure wani ya yi wa wani raunin. Da karɓar diyya rashin tawakkali ne, da Shari'a ba ta yanka ta ba.

A Nijeriya kuwa, dokar diyyar ma'aikata ta shekarar 2010 ta ɗora wannan aiki a kan hukumar NSITF. Mai kamfani shi ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa, ba tare da ya cire daga hakkinsu ba. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigidan ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, takardar neman diyya kuwa a shigar da ita kafin shekara 1 ta cika. Ya kamata majinyaci ya adana takardun asibiti, ya riƙe sunayen waɗanda aka yi abin a gabansu, gama aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta hori Musulmi da rubutu da kafa shaidu a kan bashi, don kada hakki ya salwanta.

Maigidan da ya ɓoye rahoto, ko ya sallami yaro da ɗan kuɗin mota, ya ci amana, kuma Allah ba Ya barin hakkin wani a kan wani. Ma'aikacin da ya ƙara gishiri a kan rauninsa, shi ma haramun ya ci. Yafiya alheri ce, amma ciyar da iyali wajibi ne, bai kuwa kamata mai rauni ya yafe abin da zai bar 'ya'yansa cikin bara ba.

Allah Ya kiyaye bayinSa a wuraren neman halalinsu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.