Ko Bakin da Aka Ciyar Yana Iya Faɗin Gaskiya?

A Sanyinna ko Tambuwal har yau za ka iske dattijo ya kasa kunne ga waƙar Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa. Wani kuwa ya ce, "Ai roƙo ne! Wanda aka ba doki da riga, ina zai ga laifin mai bayarwa?"

Maganar tana da nauyi, gama kyauta takan ɗaure harshe. Amma mu duba Turai. A 1761 wani makaɗi, Haydn, ya shiga barantakar gidan sarautar Esterhazy, yana sa tufafin barori, yana shirya kiɗan da ake yi a zauren ubangidansa. A 1772 ubangidan ya tsare makaɗa a gidansa na ƙauye har suka ƙosa da kewar iyali. Ba mai ikon faɗa masa. Sai Haydn ya shirya kiɗa wanda a ƙarshensa kowane makaɗi yakan kashe kyandir nasa ya fita, ɗaya ɗaya, har saura biyu. Ubangidan ya gane, ya sallame su.

Makaɗan fadarmu ma sun san wannan hanya. Sa'ad da makaɗi ya kira sarki mai adalci a gaban jama'a, ya ɗora masa kaya ke nan, gama gobe talakawa za su auna shi da kirarin.

Duk da haka ban wanke su sarai ba. Zambon da akan yi wa ɗan sarkin da ya rasa sarauta, wane adalci ke ciki? Mutumin ba shi da makaɗin da zai rama masa.