Jarumin da Ba Ya Gama Biyan Bashi

Daga zangon Sokodé har Dapaong, da ƙananan garuruwa irin su Gando, samarinmu suna kallon finafinan jarumawan Amurka a wayar hannu, galibi da muryar Faransanci. Iyaye sukan ce ɓata lokaci ne kallon mai tashi sama da mai hawan bango. Amma in mai karatu ya kasa kunne ga gardamar da yaran sukan yi bayan fim ya ƙare, zai ji ana cewa, "Ai wane ba zai taɓa yin haka ba." Ashe batun hali suke yi, kuma batun ya isa manya ma su zauna a kansa.

Mu ɗauki Spider-Man, a fim ɗin da Sam Raimi ya shirya a 2002. Saurayi ne mai suna Peter Parker. Mai shirya kokawa ya yi alkawarin dala 3,000, ya ba shi 100. Nan take ɓarawo ya kwashe kuɗin mutumin, ya bi ta gaban Peter da gudu. Peter yana da ƙarfin tare shi, amma don haushi ya ba shi hanya. A daren nan aka harbe baffansa Ben, wanda ya rene shi, ya kuma gane cewa wanda ya bari ya wuce shi ne ake nema. Bai ɗaga hannu ya taɓa kowa ba. Laifinsa shi ne alherin da ya iya, ya ƙi yi, wasiƙar Yakubu sura 4 kuwa ta kira wannan zunubi. Duk jaruntakar da ya yi daga baya, daga wannan dare ta tsiro.

A 2007 kuma sai masu fim suka sāke labarin a kashi na uku, suka ce ai wani ne daban, Flint Marko, ya yi harbin. Masu kallo da yawa ba su ji daɗi ba, ni ma ina bayansu. An rage wa yaron kaya, amma da kayan aka tafi da dalilin zamansa jarumi. Haka aka yi ta muhawara a 2013 sa'ad da Superman ya karya wuyan Zod a Man of Steel. Mutane ba sa ƙin jarumi mai aibi. Abin da suke ƙi shi ne aibin da aka liƙa masa daga waje don fim ya yi zafi. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Aibi na gaskiya yakan fito daga jijiya ɗaya da ƙarfin mutum: mai zuciya shi ne mai saurin fushi, mai kyauta shi ne mai son a yabe shi. Samson na Littafin Mahukunta bai sāke hali ba tun daga Timna har cinyar Delila.

Sai dai akwai wurin da fim ya tsaya, ya kasa wucewa. Peter Parker yana biyan bashi ne, bashin kuwa ba ya ƙarewa, domin wanda yake bin sa yana kabari. Kowane ran da ya ceta, Ben bai tashi ba. Kamfanin fim yana son haka, gama ranar da jarumi ya huta, kasuwa ta watse. Amma mutum mai rai ba zai iya wannan zama ba. Mun san irinsu cikin ikilisiyoyinmu: wanda ba ya fashin aikin Ubangiji, shi ne shara, shi ne kwamiti, shi ne ziyarar marasa lafiya, ga fuska ba walwala, domin wani tsohon abu yana cin sa. Mukan yaba ƙwazonsa, ba mu tambayi abin da yake korarsa ba.

Sunan Peter shi ne Bitrus a bakinmu, kuma kwatancin ya dace. Manzo Bitrus ma dare ɗaya ya kāsa, ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku a bakin wuta. Ya yi kuka mai zafi. Yahuza ya yi ƙoƙarin biyan nasa bashi da kansa, ya mayar da azurfa talatin ɗin, ba a karɓa ba, ƙarshensa mun sani. Bitrus kuwa bai biya kome ba. A Yahaya sura 21 an tambaye shi sau uku a kan ƙauna, aka danƙa masa kiwon tumaki. Gafara ce ta zo da fari, aiki ya biyo baya.

Wani zai ce, to, ashe gafara tana goge zanen dutse ke nan? Littafi bai nuna haka ba. Shekaru bayan wannan, a Antakiya, Bitrus yana ci tare da masu bi na al'ummai, sai waɗansu suka zo daga wurin Yakubu, tsoron idon mutane ya sāke kama shi, ya janye jikinsa. Tsohon halin nan na bakin wuta ne ya ɗago kai. Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda ya rubuta wa Galatiyawa a sura 2, ikilisiya kuwa ba ta share labarin daga Littafi ba, ba ta kuma daina kiransa manzo ba.