Idan Amsar Addu'a Ta Yi Jinkiri

Da wuya a sami ekklesiyar da ba ta da mata da miji waɗanda aka ɗaura musu aure a gaban jama'a, shekara ta bi shekara, har yau ba a ji kukan jariri a gidansu ba. Mun san abin da ya kan biyo baya. Uwar miji ta fara habaici. Dangi su ce wa mijin ya ƙaro mata. Wata maƙwabciya ta raɗa wa matar sunan wani boka. Mu kuwa idan sun kawo mana kukansu, sai mu ce, "Ku yi haƙuri." To, me mu ke nufi da wannan? Ya kamata mu tambayi kanmu, gama maganan nan ba ta da nauyi a bakin wanda 'ya'yansa su ke wasa a tsakar gida.

Haƙuri iri biyu ne. Akwai na mutumin da ya fid da rai, ya naɗe hannu, ya ce abin da zai faru ba makawa. Wannan sanyin jiki ne ya ari sunan haƙuri. Akwai kuma irin na manomi, wanda Yaƙub ya kawo misalinsa a sura 5 ta wasiƙarsa. Ku dubi manomin da ya yi binne. Ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ba shi da iko da hadari, amma ya yi sassabe, ya kai taki, ya gyara fartanya. Abin da ke hannunsa ya yi, abin da ke hannun Allah ya bar wa Allah. Ba ya kuwa komawa kowace safiya ya tone ramin don ya ga ko iri ya tsaga.

Saboda haka idan 'yan'uwan nan sun tafi asibiti, kada kowa ya ce bangaskiyarsu ta raunana. Amma su tafi su biyu. Likitoci sun tabbatar cewa dalilin rashin haihuwa ya kan kasance a jikin namiji kamar yadda ya kan kasance a jikin mace. Mijin da ya ƙi a duba shi, ya bar matarsa ta ɗauki zargi ita kaɗai, girman kai ne ya hana shi, ko da ya kira abin dogara ga Allah.

Ina iyakar abin da mai bi zai yi? Littafin Farawa ya koya mana. Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran da alkawarin zuriya. Da suka shekara 10 a ƙasar Kan'ana ba ɗa, Saratu ta gaji, ta ba shi baiwarta Hajaratu. Aka haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86. Allah bai yashe Hajaratu da ɗanta ba, ya sa wa yaron albarka. Duk da haka dabaran nan ta jawo reni da kishi cikin gida, har aka sallami uwa da ɗa zuwa jeji. Ishaku kuwa bai zo ba sai da Ibrahim ya cika shekara 100, wato bayan jira na shekara 25. Sauri ya haifi nawa. Ga ma'aunin da mu ke samu a nan: kowace hanyar da ba za mu iya binta ba sai mun karya alkawarin aure, ko mun durƙusa wa boka, ba daga wurin Ubangiji ta fito ba, kome kyaun abin da mu ke nema.

Wani zai ce, "Ai Ibrahim ya samu a ƙarshe. Wanda ya jira har ya mutu bai samu ba fa?" Tambaya ce ta gaskiya, ba za mu kauce mata ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo Bishara ƙasashen nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sāke zuwa a 1900, ciwo ya sāke mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ɗinsu ta fari a Patigi, ƙasar Nufe. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Mutanen nan biyu ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ibraniyawa sura 11 ma ta lissafta bayin Allah da yawa da suka mutu cikin bangaskiya tun ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Ashe ba mu da izinin ce wa kowa, "Baɗi war haka za ki goya." Allah bai yi wa kowane gida alkawarin ɗa ba. Abin da ya alkawarta shi ne ba zai rabu da mu ba, ya kuwa hatimce wannan da jinin Ɗansa Yesu Kristi. Ga halinsa mu ke dogara, ko kyautar ta zo ko ba ta zo ba.

Ya ku 'yan'uwa, akwai kaya a kanmu mu ma. Luka ya shaida cewa Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, ga su kuwa sun tsufa ba ɗa. Kada mu ƙara cewa zunubi ne ya kulle cikin wance. Bari dattawan ekklesiya su tafi wurin dangin miji su yi magana da su tun wuta ba ta kama ba. Bari zumuntar mata ta jawo 'yar'uwan nan kusa, ranar suna kada a bar ta a gefe. Idan kuwa za mu ce mata ta yi haƙuri, mu shimfiɗa tabarma mu zauna, mu taya ta jira da addu'a.