Ta Warke, Amma Ta Kasa Ba Da Shaida

Bayan da aka sake buɗe majami'u a shekarar 2020, zumuntar mata ta shirya wa wata 'yar'uwa sujadar godiya, domin ta tashi daga cutar korona. Ta zo, ta zauna a baya, ta kasa miƙewa ta ba da shaida. Mijinta da suka kwanta ciwo tare bai tashi ba, ko jana'izarsa ba ta gani ba. Da aka fito, na ji wasu suna cewa ta butulce wa Allah.

Shin baƙin cikin wanda aka warkar rashin godiya ne?

Ni dai ban ga haka ba. Mu tuna da annabi Iliya. Bai daɗe da ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel ba, sai ga shi a jeji shi kaɗai, yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Mala'ika ya kawo masa abinci da ruwa, aka bar shi ya yi barci, aka sake ciyar da shi, sa'an nan daga baya aka yi masa magana. Mu kuwa da wa'azi muke farawa, wataƙila domin shirun mai makoki yana yi mana nauyi.

Wanda ya yi kwanaki a killace, yana kokawa da numfashi, ana zaro gawa daga gadon da ke kusa da nasa, yakan dawo gida da abin da gwajin likita ba ya nunawa: rashin barci, firgita, mantuwa, da tambayar me ya sa aka ɗauki wancan aka bar ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Ciwo ne, yana kuwa da masu magani, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Wanda ya je can bai yar da bangaskiyarsa ba, kamar yadda bai yar da ita ba sa'ad da aka sa masa iskar numfashi.

Ita 'yar'uwar nan, wata dattijuwa ce ta riƙa zuwa gidanta kowace Laraba. Ba ta tambayarta ko ta yi addu'a. Takan tambaye ta ko ta yi barci, ko ta ci wani abu. Ranar da za ta fara ganin likita ma, ita ce ta raka ta, ta jira a bakin ƙofa har ta fito.