Ɗana, Dubi Rayuwar John Peacey

Ɗana, na ga yadda ka kwana uku ba ka cin abinci saboda koci ya ajiye ka a benci. Zauna in ba ka labarin wani Bature.

Sunansa John Raphael Peacey, an haife shi a Hove, kudancin Ingila, a 1896. Yana saurayi Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga soja, ya dawo da lambar jarumta. Daga nan ya yi karatu a kwalejin Selwyn ta Jami'ar Kambirij, ya kuma samu buga wa yankin Sussex wasan kurket a farkon shekarun 1920. Ka san kurket ba ta da tausayi. Mutum zai tsaya da sandarsa yana tsaron 'yan itatuwa uku da aka kafa a bayansa, ƙwallo ɗaya ta kuɓuce masa ta tunkuɗe su, shi ke nan, sai ya saɓa sanda ya yi doguwar tafiyar nan zuwa rumfa, jama'a na kallonsa. Peacey bai buga wa Sussex wasanni da yawa ba, bai kuma yi suna a fili ba.

To, bai zauna yana ba da labarin "da an ba ni dama" a majalisa ba. Karatun da bai yar ba shi ya ɗauke shi. Ya zama limamin cocin Angilika, ya tafi Indiya, ya shugabanci makarantar kwana ta Bishop Cotton a Simla, can kan tsaunukan Himalaya, daga 1927. A 1935 ya koma Kalkata yana jagorantar kwalejin horar da limaman coci har 1945, sannan ya dawo gida ya yi shekara 21 yana hidima a babban cocin Bristol.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen. A 1966 ya yi ritaya yana da shekara 70, lokacin da mu nan ake shimfiɗa wa mutum tabarma a zaure a ce ya huta. Shi kuwa a waɗannan shekarun ne ya duƙufa ga rubuta waƙoƙin ibada. Wasu suka shiga littafin sababbin waƙoƙi 100 da aka buga a 1969, kuma har yau ana rera su a coci-coci. Ya rasu a 1971. Duba fa, shekarun da ya samu na wannan aiki ba su wuce biyar ba, amma da su aka fi tuna shi.

Ko addininku ɗaya ko daban, ba shi nake so ka duba ba. Ka duba mutumin da ƙwallo ta ƙi shi bai ƙi kansa ba. Ban hana ka atisaye ba, je ka yi gumi iyakar ƙarfinka. Amma littattafan nan da ka tura ƙarƙashin gado tun da aka fara gasa, yau da daddare ina so in gan su a kan tebur. Tashi ka ci tuwon da mahaifiyarka ta ajiye maka.