Wa Zai Rubuta Labarin Runka?

A Runka, kamar sauran garuruwan da ke bakin Dajin Rugu, labari ba ya ƙaranci. Mai shayi yana da nasa, direban da ke jigila zuwa Dutsin-Ma yana da nasa, tsohuwar da ta baro ƙauyensu riƙe da jikoki tana da wanda ya fi na kowa nauyi. Mai ɗaukar alƙalami ne ya yi wuya. In aka tambayi malamin firamare ko ɗalibin ilimi me ya hana shi rubuta abin da yake ji, amsar ɗaya ce: ina lokaci? Da damina gona, da rani neman abin sakawa a bakin salati, da dare kuma kunne yana wajen ƙarar babura.

Uzurin gaskiya ne, ba lalaci ba. Sai dai akwai tsohuwar tambaya a ƙarƙashinsa: shin rubuta abin da ya faɗo a zuciya ko ya shiga kunne nauyi ne a wuyan mutum, ko kuwa ado ne na wanda ya ƙoshi?

Musulmin farko sun yi wannan muhawara. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri cewa Annabi (SAW) ya taɓa hana a rubuta wani abu daga gare shi in ba Alƙur'ani ba, kuma malamai da yawa sun ce tsoron cakuɗa wahayi da sauran magana ne dalili. Daga baya aka yi wa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi izini, ya riƙa rubuta abin da ya ji. Abu Huraira, duk da ƙarfin haddarsa, ya ce Abdullahi ne kaɗai ya fi shi tara hadisi, don shi yana rubutawa. Da aka kai ƙarshen ƙarni na farko na Hijira, Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu ya aika wa Abubakar ɗan Hazmi a Madina cewa ya tattara hadisai a rubuce. Dalilinsa shi ne malamai suna mutuwa, ilimi yana bin su kabari.

Wannan dalili ya shafi Runka kai tsaye. Tarbiyyar makarantar allo ta ginu ne a kan amincewa da ƙirji: almajiri ya rubuta, ya haddace, ya wanke, a biya masa na gaba. Haka tarihin gari yake tafiya, daga kaka zuwa jika, a zaure ko a dandali bayan sallar isha'i. Tsari ne mai kyau, kuma ya riƙe ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru. Amma yana da sharaɗi guda da ba a cika lura da shi ba: mai faɗi da mai saurare su daɗe suna zaune wuri ɗaya. Wannan sharaɗi ne 'yan bindiga suka rusa a Safana, inda Runka take, da Batsari. Ƙauyuka sun watse, wasu mutanen sun koma Katsina, wasu Dutsin-Ma. Dattijon da ya san inda tsohon burtali ya bi, da yadda manomi da makiyayi suke sasantawa a gaban mai gari kafin abubuwa su lalace, yanzu yana raɓe a gidan wani, yaran da ke gabansa ba su ma san sunayen wuraren ba. Harin da aka kai Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari cikin Fabrairun 2020 ya shiga jaridu da adadin mamata. Yadda waɗanda suka tsira suka kwana a wannan dare, da wanda ya ɗauki ɗan maƙwabcinsa ya gudu da shi, wannan yana cikin ƙirazan mutane ne kawai.

Maganar rashin lokaci kuwa, tarihin masu rubutu bai goyi bayanta sosai ba. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, yana tsakiyar jagorancin yaƙi da ginin Sakkwato. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Magatakardan Imam Bukhari ya ba da labarin cewa a dare ɗaya yakan tashi sau goma sha biyar zuwa ashirin, ya kunna fitila, ya yi alama a kan wani hadisi, ya koma ya kwanta. Ibnul Jauzi, mai wa'azin Bagadaza da ya rasu a 597 bayan Hijira, ya lura tunani mai amfani yakan zo masa ya wuce, in ya neme shi daga baya ba ya samu. Sai ya riƙa kama kowanne da rubutu a lokacin da ya zo, abin ya taru ya zama littafin Saidul Khaɗir. Babu ɗaya cikinsu da ya jira hutu. Abin da suka saba da shi ƙanƙane ne: layi biyu yanzu, kafin a manta.

Mai wannan niyya a Runka ba ya buƙatar abin da ya wuce ƙaramin littafin rubutu da biro a aljihu. Waya ma tana ɗaukar murya, sai dai ana ƙwace ta a hanya, tana lalacewa, kuma mutanen yankin ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari. Abin da aka ɗauka a waya ya kamata a sauke shi a takarda, da kwanan wata da sunan wurin. Dokta Yusufu Bala Usman, da yake binciken tarihin Katsina a farkon shekarun 1970, ya bi garuruwa yana sauraron dattawa yana rubutawa, shi ya sa maganarsu ta kai ga masu karatu a littafinsa na 1981.

Akwai iyaka, kuma addini ne ya shata ta. Hadisi ya yi gargaɗi cewa faɗin duk abin da aka ji ya isa ya mai da mutum maƙaryaci, Suratul Hujurati kuma ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. A yankin da zargin zama infoma kan jawo asarar rai, rubuta sunan wani kusa da jita-jita zalunci ne. Don haka mai rubutu ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, ya nemi yardar mai labari tukuna, ya sakaya sunan duk wanda bayyana shi zai jefa cikin haɗari, ko da kuwa hakan zai rage wa labarin armashi.