Bindigar Farko: Wa Ya Kamata A Fara Aunawa, Yaro Ko Uba?

Gabatarwa

Batun da na kawo a wannan fitowa ba na ƙasarmu ba ne, amma ina ganin duk wanda aka yi wa tarbiyya, ko yake sa ran yi wa wani, yana da ta cewa a cikinsa. A zangon karatun da ya wuce ina cikin neman abin da zan rubuta a kan kirarin maharba, sai na yi kiciɓis da rubuce-rubucen mafarautan ƙasar Amurka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wata tambaya da iyaye suke yi wa juna a can ba tare da ko ɗar ba, kamar yadda a nan uba zai tambayi abokinsa irin keken da ya kamata ya saya wa yaro. Tambayar ita ce, ɗana ya kai shekara goma, wace bindiga zan saya masa ya fara harbin barewa? Da farko cewa na yi a raina, kai, lalle mutanen nan da sauransu. Amma da na ƙara karatu sai na ga maganar ta fi ƙarfin a yanke mata hukunci a tsaitsaye.

Kafin in yi nisa, ya kamata in ce dabbar da suke farauta ba barewarmu ba ce sak. Tasu ta fi girma, ƙahon namijin yana da rassa, yana zubar da shi kowace shekara ya fitar da sabo, kuma in ta firgita sai ta ɗaga wutsiya a ga farin ƙarƙashinta. Tun da ba mu da wani suna da ya fi kusa da ita, barewa zan ci gaba da kiranta.

Yadda Abin Yake A Can

Wajen shekarar 1900 'yan kasuwar nama da fata sun kusa ƙarar da wannan barewa, har ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su wuce 500,000 ba. Yau kuwa ana maganar kimanin miliyan 30. Abin mamaki, mafarauta suna cikin waɗanda suka dawo da ita. A 1887 Tiyodo Rusabelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya kafa ƙungiyar Boone and Crockett tare da abokansa, suka tsaya a kan cewa farautar kirki ita ce wadda aka bar wa dabba hanyar tsira. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda a ƙarƙashinta ake karɓar harajin kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsasai, a raba wa jihohi don kula da namun daji. Da yake an riga an kashe kyarketai a yawancin ƙasar, mutum ne babban mai rage yawan barewa. In an bar ta, sai ta cinye tsiron daji da amfanin gona, ga kuma karo da motoci fiye da sau miliyan ɗaya kowace shekara.

Saboda haka a ƙauyukan jihohi irin su Fensilbaniya da Wiskonsin da Mishigan, farautar barewa a watan Nuwamba gado ce, kuma naman yana ciyar da gida har tsawon hunturu. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali mai lasin sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba doguwar bindiga, watau ke nan uba ne yake saye ya miƙa. Tun 1949 jihar Niyok ta fara tilasta wa sabon mafarauci ya yi kwas kafin a ba shi lasin, sauran jihohi suka bi sahu. Amma a 2017 Wiskonsin ta soke ƙa'idar shekara goma da take da ita, ta ce yaro ko nawa yake zai iya farauta, muddin akwai babba kusa da shi inda hannunsa zai kai gare shi. Ashe ke nan hukuma ta tsame hannunta, ta bar wa uba hukunci.

Abin Da Ake Aunawa

In mutum ya bi shawarwarin da suke ba juna, zai ga kusan duk a kan abu biyu suke. Na ɗaya tsawon gindin bindiga. Daga kunama zuwa inda ake dafa wa kafaɗa, ta manya takan kai inci 13 da rabi, ta yara kuwa wajen inci 12, don hannun yaro ya kai ba tare da ya miƙe wuya ba. Na biyu shuri, watau yadda bindiga take tokarin kafaɗa in ta tashi. Harsashin .30-06, wanda manya suka daɗe suna so, shurinsa ya ninka na .243 Winchester wajen sau biyu. Shi ya sa tun da aka fito da .243 a 1955 ya zama na 'yan koyo, kodayake daga baya an samu wasu kamar 7mm-08 a 1980 da .350 Legend a 2019. Wasu iyayen kuma sun fi son bindiga mai cin harsashi ɗaya tak, don yaro ya san ba shi da na biyun da zai gyara kuskure da shi.

To, a nan ne na fara ganin ashe akwai tunani a cikin maganar. In bindiga ta yi wa yaro ƙarfi, sau biyu ko uku za ta shure shi ya fara tsoronta. Daga nan kafin ya ja kunama sai ya runtse ido ya zabura, saiti ya goce. Inda ake so harsashi ya samu, watau huhu da zuciya a bayan kafaɗar barewa, bai wuce faɗin faifai ba. In ya goce ya sami tumbi, dabbar za ta gudu ta shige kurmi, ta kwana tana shan azaba kafin ta mutu. In kuma don tausayin yaro aka ba shi bindigar da ba ta da ƙarfin kisa, nan ma jin ciwo kawai za a yi mata. Watau tausayin yaro da tausayin dabba igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wanda ya saki ɗaya ya saki duka biyun.

Ban karanta wannan a matsayin baƙon abu ba, don na taɓa ɗanɗana irinsa. Ina ɗan shekara tara yayana ya ɗaura mini danƙo, na harbi wata kurciya a kan bishiyar ɗorawa a bayan gari. Dutsen bai kashe ta ba, fiffike ya karya mata. Ta faɗo tana jan jiki ta shige cikin sarƙaƙiya inda hannuna bai kai ba, ni kuwa da na gaji sai na tafi wasana. Bayan kwana biyu na biyo ta wurin na same ta a bakin ƙaya, tururuwa sun lulluɓe ta. Ban gaya wa kowa ba sai yau. Babu wanda ya gan ni, babu dokar da na karya, amma na san na ɗauki abin da ban iya ƙarasawa ba. An ba ni makami, ba a ba ni wanda zai tsaya a kaina ya ce koma ka nemo ta ba.

Hujjojin Masu Ƙi

Masu sukar wannan al'ada suna da hujjoji uku, kuma ba na raina ko ɗaya. Ta farko tsohuwa ce. Tun a 1693 Jon Lok, masanin falsafar nan na Ingila, ya yi gargaɗi a littafinsa na tarbiyya cewa yaron da ya saba azabtar da dabbobi da kashe su, sannu a hankali zuciyarsa za ta ƙeƙashe har ga mutane. Ni ina ganin ya yi gaskiya game da azabtarwa. Amma mu da muke cin nama kullum, muna barin mahauci ya zubar da jinin a madadinmu, da wane baki za mu ce wanda ya ga ran da aka ɗauka don cikinsa ya fi mu taurin zuciya? Yaron da aka sa ya bi sawun jini, ya feɗe, ya ɗauko, ya ci, mai yiwuwa ya fi wanda bai san nama ba sai a leda sanin darajar rai. Aristotal ya koyar da cewa hali da yi ake samunsa, kamar yadda magini yake zama magini da gini. In haka ne, bindiga ba ta koyar da tausayi ko mugunta da kanta, abin da aka maimaita da ita ne yake zama hali.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, don ta jini ce. A 2020 mutuwa ta hanyar bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Gaskiya ne mafi yawan wannan ba a fagen farauta yake faruwa ba, amma bindiga kwana kaɗan take yi a daji, sauran shekara a gida take. A 2013 a jihar Kentaki wani yaro ɗan shekara biyar ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara biyu da ƙaramar bindigar da aka ba shi kyauta, wadda aka jingine a lungun ɗaki ba a san da harsashi a ciki ba. A 2021 a Mishigan wani ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu da fistol ɗin da ubansa ya saya masa kwanaki kaɗan kafin nan, kuma a 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Wannan ba bindigar farauta ba ce, amma darasin ɗaya ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba kowane abu ne za a jingina wa tsautsayi ba.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi ɓoyewa. Binciken hukumar kula da namun daji ta ƙasar ya nuna mafarauta sun ragu daga miliyan 13.7 a 2011 zuwa miliyan 11.5 a 2016. Masu ƙera bindiga suna bukatar sababbin masu saye, hukumomin jihohi suna bukatar kuɗin lasin, uba kuma yana so a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowa yana da abin da zai samu in yaro ya ɗauki bindiga da wuri. To, shi yaron fa? Ɗan shekara bakwai da ya ce yana so, barewa yake son harbi, ko kuwa murmushin ubansa yake nema?

Ra'ayina

Bayan na auna duka, ban ga laifi ga uban da ya koya wa ɗansa ko 'yarsa farautar abin da za a ci ba. Inda na ga kuskure shi ne wurin jera tambayoyin. Ana fara tambayar wace bindiga, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe, don ita kaɗai ce mai shago zai iya amsawa da tef ɗin awo.

Tambayar farko ta uba ce. Yana da akwatin ƙarfe mai makulli, kuma zai iya riƙe makullin ko da yaro ya yi fushi? Zai iya zama a gefensa cikin sanyin asuba ba tare da ya ɗauko tasa bindigar ba? In yaron ya ga barewa jikinsa ya ɗauki rawa, ya ce Baba ba zan iya ba, zai iya cewa ba komai mu tafi gida, kuma kada ya ba da labarin a gaban abokansa don a yi dariya? Uban da bai iya waɗannan ba, ko wace irin bindiga ya saya, bai saya daidai ba.

Tambaya ta biyu ta yaro ce, kuma ba a gane amsarta da shekaru kaɗai, kodayake ni ban yarda da dokar da ta ce babu ƙaramin yaro ba, don wanda bai gama gane cewa mutuwa ba ta da gyara ba bai kamata a sa shi ya yi ta ba. Jan kunama ko ɗan shekara huɗu zai iya. Abin dubawa shi ne ko zai iya fasawa. Ga barewa ta fito, amma akwai gida a bayanta, ko duhu ya fara, ko ta ba da baya yadda harbin ba zai yi kyau ba. In ya iya ɗauke yatsansa ya bar ta ta wuce, bayan ya yi kwana uku yana jira, to ya isa. Harsashi zarar bunu ne, kuma a daji babu alƙali sai zuciyar maharbi.

Kammalawa

A ƙarshe, ina ganin kalmar kyauta ce take ruɗin iyaye. Abin da aka ba ka kyauta naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Bindigar yaro kuwa amana ce da uba ya ɗauka a wuyansa, yana ara wa ɗansa ita sa'a ɗaya ko biyu a gaban idonsa, ya karɓe ya kulle, har ranar da ya tabbata yaron zai yi a bayansa abin da yake yi a gabansa. Mu nan ba mu da al'adar saya wa yara bindiga, amma muna miƙa musu makullin babur da wayar hannu tun ba su isa ba, mu juya baya. Ina fata 'yan'uwa masu wani ra'ayi dabam za su mayar mini da martani a fitowa ta gaba, musamman waɗanda suka tashi a gidan maharba, don sun fi ni sanin yadda ake miƙa wa yaro baka da kwari.